"Laifin Tuƙinka Ne": Lalacewar Giyabos da Rikicin Garanti, Daga Motocin Tsere Zuwa Hanyar Kura



Duk wanda ya bi titin Zariya daga Na'ibawa ya nufi Kura tsakanin Janairu da Maris, lokacin da tumatir ya yi kaka, da wuya ya isa bai ga mota ɗaya ko biyu a gefen hanya ba, an jera mata ganye a kwalta don masu tahowa su kauce. Injin lafiya lau yake aiki. Direba ya sa giya ya taka totur, sai ƙara kawai ke tashi, taya ko motsi. A saman motar kuma ga kwanduna suna shan rana, kowace sa'a tana rage musu kuɗi. Bakanike zai zo a kan babur, ya zaro sandar awon man giya, ya goga a tafin hannu, ya kai hanci. Man da ya kamata ya zama ja garau ya koma baƙi, yana warin ƙauri. Daga nan ba sai ya yi dogon bayani ba: "Alhaji, giya ta tafi."

Abin da ke biyo bayan wannan magana shi ne batun wannan takarda. Wa zai biya? Tambayar ba ta manoman Kura da Bunkure kaɗai ba ce. An yi ta a kotunan Amurka da Ostiraliya, an yi ta a gidan talabijin na ƙasar Sin, kuma motar da ta fi fito da ita fili mota ce da ba ta taɓa ɗaukar kwandon tumatir ba.

Motar da aka hana ta gudun da aka sayar da ita dominsa

A ƙarshen 2007 kamfanin Nissan ya fitar da sabuwar GT-R a Japan, ta isa kasuwar Amurka a 2008 a kan kimanin dala 70,000. Tana da ƙarfin doki 480, tana kuma gogayya da motocin da suka ninka ta tsada. Sirrinta yana cikin giyabos mai kuloci biyu: ɗaya yana riƙe da giya ta 1, ta 3 da ta 5, ɗayan yana riƙe da ta 2, ta 4 da ta 6. Yayin da mota ke tafiya a giya ta biyu, ta uku ta riga ta shiga tana jira, sai kwamfutar motar ta saki kuloci ɗaya ta kama ɗayan cikin ƙiftawar ido. Porsche ya gwada wannan dabara a filin tsere tun shekarun 1980, Volkswagen kuma ya kawo ta kan titi a Golf R32 a 2003.

GT-R tana da wata hanyar tashi ta musamman. Direba zai kashe na'urar da ke hana taya zamewa, ya danne birki, ya taka totur har ƙasa, injin ya tsaya a juyi wajen 4,500 a minti, sannan ya saki birki. Motar za ta fizga ta kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa uku da rabi ko kusa da haka. Da wannan tashi mujallun motoci suka auna ta, da wannan adadi aka yi ta yabonta, kuma shi ne ya ja masu saye. Sai haƙoran giyar wasu suka fara karyewa. Da masu motocin suka koma wurin dillalai, aka buɗe musu littafin motar, inda aka rubuta cewa ba a kashe waccan na'ura sai idan mota ta kafe a laka ko a dusar ƙanƙara, kuma ɓarnar da ta faru tana kashe ba ta cikin garanti. Motar da kanta tana adana bayanin yadda aka tuƙa ta, don haka shaidar tana hannun kamfani. Kuɗin sabon giyabos kuwa, kamar yadda masu motocin suka yi ta kokawa, ya kai wajen dala 20,000.

Masu motocin ba su tsaya kowa yana rigimarsa shi kaɗai ba. Sun haɗa bayanansu, suka shigar da ƙara a dunƙule, aka ƙare da sulhu: Nissan ya sauya manhajar motar don ta riƙa tashi a juyin da bai kai na da ba, ya kuma ƙara wa'adin garantin giyabos ga waɗanda suka kai motarsu aka yi mata gyaran. A ganin mai wannan takarda, kamfanin da ya ci ribar yabon da aka yi wa tashin motarsa bai kamata ya juya ya mai da tashin laifin mai saye ba. An nuna wa mutum zuma a bainar jama'a, aka ɓoye harbin a shafin littafin da ba kowa ke karantawa ba.

Hujjar "laifin tuƙinka ne" ba ta tsaya kan motocin masu kuɗi ba. Ford ya sa giyabos mai busasshen kuloci biyu, wanda ya kira PowerShift, a Fiesta daga samfurin 2011 da Focus daga na 2012. Motocin suka riƙa karkarwa da fizga wajen tashi, wani lokaci mai yana yoyo ya jiƙa kulocin da aka ƙera don ya zauna a bushe. A watan Afrilun 2018 Kotun Tarayya ta Ostiraliya ta ci tarar Ford dalar ƙasar miliyan 10 saboda yadda ya bi da koke-koken masu motocin tsakanin 2015 da 2016, ciki har da gaya musu cewa salon tuƙinsu ne ke jawo karkarwar, alhali kamfanin ya san akwai matsala a giyar. A 2019 kuma jaridar Detroit Free Press ta wallafa takardun cikin gida da ke nuna an san da aibin tun kafin motocin su shiga kasuwa.

Rikicin Volkswagen ya fi kusa da yanayin Kano. A ranar 15 ga Maris, 2013, gidan talabijin na gwamnatin Sin ya nuna koken masu motoci game da giyar kamfanin mai kuloci biyu, wato DSG, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya sanar da kiran motoci sama da 384,000 don gyara. A watan Nuwamba na shekarar ya sake kiran wajen miliyan 1.6 a faɗin duniya masu DSG mai giya bakwai, don a sauya musu nau'in mai, saboda a wurare masu zafi da cunkoso man da aka zuba tun farko yana jawo matsalar lantarki a cikin giyabos. Zafi da tsaya-tafi: wanda ya taɓa shiga cunkoson Na'ibawa da azahar a watan Afrilu, ma'aunin zafi ya haura 40, ya san abin da ake nufi.

Aibi yana ƙetare teku, garanti ba ya ƙetarewa

Motoci irin GT-R ƙalilan ne a Kano, kuma masu su ba su ne abin tausayi a nan ba. Abin da ya shafi yankin Kumbotso da Kura da Bunkure shi ne inda motocin da aka yi ta rigima a kansu suke ƙarewa bayan masu su na farko sun rabu da su. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta ɗauki kaso mafi girma. Su ne ake kira 'yan Kwatano ko Baljiyam, sunan da bai gushe ba duk da haramta shigo da motoci ta kan iyakokin tudu da gwamnatin tarayya ta yi daga ranar 1 ga Janairu, 2017.

Ga misali guda da kowane bakanike a Kano zai gane. A 2004 Honda ya kira motoci sama da miliyan ɗaya a Amurka, cikinsu har da Odyssey da Pilot da Accord mai silinda shida, saboda giya ta biyu ba ta samun isasshen mai, sai ta yi zafi, haƙoranta su lalace, wani lokaci giyabos ya cije ana cikin tafiya. Gyaran da aka yi shi ne ƙara wani ɗan bututu da ke fesa mai kai tsaye a kan giyar, ko sauya giyabos idan ya riga ya ƙone. Accord ta wannan zamani ita ce wadda ta cika titunan Nijeriya bayan 'yan shekaru, har aka yi mata laƙabi a kasuwa. Wasu sun iso da gyaran a jikinsu, wasu ba a taɓa kai su ba, kuma mai saye a Kano ba wanda ya gaya masa wacce ce tasa. Haka ma Nissan, wanda ya ninka garantin giyarsa mai bel, wato CVT, zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a kan samfuran 2003 zuwa 2010, irin su Murano. Wannan rangwame na mazauna Amurka ne. Kafin motar ta sauka a tashar Legas, ko dai wa'adin ya ƙare, ko an soke shi saboda kamfanin inshora ya ayyana ta a matsayin wadda ta yi hatsari aka yi gwanjonta, ko kuma yana nan da rai amma babu dillalin da zai amsa shi a wannan nahiya.

Da ba haka abin yake ba. Lokacin da kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, lokacin da masana'antar manyan motoci da taraktocin Fiat ke aiki a nan kan titin Zariya, ta Steyr kuma a Bauchi, mai saye yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Giyar Fijo 504 ta hannu ce, bakanike zai sauke ta a gindin bishiya ya warware ta ya sauya abin da ya ci ya mayar. Giyabos na yau akwati ne mai kwamfuta, da yawa daga kanikawanmu ba su da na'urar da za ta karanta shi, shi ya sa maganin kusan kullum ɗaya ne: a je kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo wani na Baljiyam a ɗaura.

A nan ne ake samun garantin da talaka ya sani. Mai sayar da giyabos zai ɗauki fenti ya yi wa akwatin alamarsa, ya ɗiga a kan kusoshi, ya ce an ba da kwana kaza na gwaji, da sharaɗin kada a kwance ko kusa ɗaya. Idan ya ƙi aiki a dawo da shi a sauya wani. Kuɗi dai ba safai suke komawa aljihu ba. Kuɗin ɗaurawa da saukewa da man da aka zuba duk a wuyan mai mota. Tsari ne da ya dogara kacokan da mutunci da sanayya, kuma gaskiya ne cewa yana aiki fiye da yadda na waje zai zata, domin ɗan kasuwar da ya saba cin amanar kanikawa ba ya daɗewa yana ciniki. Rauninsa shi ne giyabos mai ciwo a ɓoye yana iya yin sati biyu lafiya a cikin gari, sai ranar da aka yi masa lodin buhunan shanshera daga Kura ya nuna halinsa, lokacin kuwa kwanakin gwaji sun wuce.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren: wani lokacin laifin tuƙin ne da gaske. Ana ɗaure mota mai giyar otomatik da igiya a ja ta kilomita 30 zuwa gari, tayoyin da ke jan ta suna ƙasa, injin a kashe, famfon mai ba ya juyawa, ƙarfe yana cin ƙarfe. Ana zuba wa CVT jan man giya na gama-gari, alhali bel ɗin ƙarfen da ke cikinta yana buƙatar mansa na musamman. Ana ganin an rubuta cewa man ba ya buƙatar sauyi har ƙarshen rayuwar mota, a manta cewa wanda ya rubuta bai yi lissafi da ƙurar hunturu da zafin bazara da lodin da ya ninka ƙa'ida ba. Ana mayar da ƙaramar motar iyali motar dako. Duk wannan yana faruwa, kuma shi ne ke ba mai sayarwa mafaka, domin idan ba a rubuta komai ba, ba mai iya bambance giyar da aka kashe da wadda ta zo da ajalinta.

A bakin kwalbati

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ke bin magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Noman rani a nan aikin lokaci ne. Alkama tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta ci moriyar sanyi. Wanda ya makara ya san zai gani a yawan buhuna. Shinkafa tana jiran a cuɗa laka kafin dashe. Saboda haka idan giyar tarakta ta tsaya a wannan tsakani, asarar ba ta mai tarakta kaɗai ba ce, ta dukan manoman da suka biya kafin alƙalami suna jiran layi ce.

Tarakta da ƙananan injinan huɗa na hannu su ne injinan da har yanzu ake sayen su sababbi a yankin, wato su ne ke zuwa da garanti na gaske. Amma garantin tarakta da awa ake ƙirga shi tare da shekara, kuma yana rataye da sharuɗɗa: a yi sabis na farko a kan lokaci, galibi bayan awa 50, a zuba man da kamfani ya ambata, a ajiye shaida. A taraktoci da yawa mai ɗaya ne ke shayar da giya da na'urar ɗaga garma da birki, don haka jarka ɗaya ta gurɓataccen mai tana iya lalata uku a lokaci guda. Mai wannan takarda ya taɓa tsayawa a kan wata tarakta da aka kwance a bakin kwalbati, bakanike ya cire kusar zubar da mai ya nuna maganaɗisun da ke jikinta: ya yi gashi da garin ƙarfe, man kuma ya yi fari-fari kamar kunu saboda ruwan da ya shiga lokacin aikin laka. Agogon ƙirga awa ya daɗe da mutuwa. Direbobi uku ne suka yi ta karɓa-karɓa a kanta. Mai ita ya rantse bai fi kaka ɗaya da saye ba, wanda ya sayar kuma ya nemi takardar sabis, babu. Magana ta mutu a nan, ko da kuwa aibin daga masana'anta ya taho.

Akwai kuma abin lura game da taraktocin da hukumomi ke saye da yawa don rabawa. Idan wa'adin garanti ya fara daga ranar da aka miƙa su ga hukuma, duk watan da suka yi a ajiye ana jiran bikin rabo, daga haƙƙin manomi ake cire shi.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare masu saye, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 ta kuma kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci da ya dace da aikin da aka saye shi dominsa, da haƙƙin mayar da mai aibi a gyara ko a sauya ko a biya shi. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare masu saye. Tun kafin waɗannan, fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Kano ya san zaɓin aibi, wato damar mayar da abin da aka saya idan aka gano aibin da ya riga ciniki. Misalin da malamai ke kawowa shi ne dabbar da aka ƙi tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Shari'a ta ba shi damar mayar da ita. Dillalin da ya zuba mai kauri a giyabos don ya ɓoye zamewa, ko ya goge alamar matsala daga kwamfutar mota da safen ranar ciniki, ko ya cire ƙwan fitilar gargaɗi, aikin mai wannan dabba ya yi. A mazhabar Malikiyya kuma faɗin "na sayar yadda take" ba ya wanke wanda ya ɓoye aibin da ya sani.

Abin da ya ba masu GT-R da masu Focus nasara abu biyu ne: suna da rubutacciyar shaida, kuma sun taru. Manoman wannan yanki suna da rabin wannan, domin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa suna nan a sassan aikin noman rani, direbobi da kanikawa ma kowa da ƙungiyarsa. Shawarar wannan takarda ita ce a ɗora musu aikin rubutu. Kowace tarakta ta haya ta kasance da littafi a akwatinta: kwanan wata, awa, wanda ya tuƙa, man da aka zuba da rasit ɗinsa. Ƙungiyar da za ta sayi injina ta sa a yarjejeniya cewa garanti zai fara daga ranar da injin ya shiga gona, kuma mai sayarwa zai ajiye bakanikensa da kayan gyara a Kura ko Kadawa daga Nuwamba zuwa Afrilu. Ƙungiyar kanikawa ta riƙa tattara irin motocin da giyarsu ke mutuwa da nisan da suka yi, domin idan samfuri guda ya bayyana sau talatin a littafi ɗaya, ba wanda zai sake cewa tuƙin mutum ɗaya ne.

Mai sayen 'yar Kwatano kuma yana da abin da zai yi kafin ya biya la'ada. A ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba, akwai lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Idan motar daga Amurka ta fito, hukumar kiyaye haɗurran titi ta ƙasar, NHTSA, tana da shafi a intanet inda za a sa lambar kyauta a ga ko akwai kiran gyara da ba a kai motar ba. Bayan haka a tuƙa ta har ta yi zafi sosai, da mutane a ciki, a hau gada da ita, a tsaya a tashi sau da yawa, domin giyabos mai ciwo yakan yi lafiya da sanyin safiya. Sannan a sa dillali ya rubuta a bayan rasit, da hannunsa, lambar shasi, abin da agogon nisa ya nuna, da adadin kwanakin da ya amince a dawo masa da mota idan giya ta zame, shaidu biyu su sa hannu.